Kardon, Bishiyar Ƙaya ta Tsaunukan Andes: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa ganin hoton tafkin gishirin Uyuni na ƙasar Bolibiya zai iya tuna wasu dogayen tsirrai masu kama da ginshiƙai, tsaye a kan wani tsibirin duwatsu, babu ganye ko ɗaya a jikinsu. Mutanen can suna kiran su kardon. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan tsiro, da wurin da yake rayuwa.

Mene ne kardon, kuma me ya sa ake kiran sa bishiya alhali ba shi da ganye?

Kardon tsiro ne daga dangin kaktus, wato dangin tsirran nan masu kaurin jiki da ke tara ruwa a cikinsu su lulluɓe kansu da ƙaya. A wasu rubuce-rubucen Hausa na intanet za ka ga an kira dangin da murtsunguwa. Sunan kardon na kimiyya da aka fi sani shi ne Echinopsis atacamensis. Yana fitowa ne a tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu, a inda ƙasashe uku suka haɗa iyaka: arewa maso yammacin Ajantina, kudu maso yammacin Bolibiya, da arewacin Chile.

Ana kiran sa bishiya saboda ya cika sharuɗɗan bishiya ban da ganye. Yana da gangar jiki guda ɗaya miƙaƙƙiya, wadda a manyan tsirrai mutum ba ya iya zagaye ta da tafin hannuwansa biyu. Yana iya kai tsawon mita 10, kusan tsayin bene mai hawa uku. Idan ya manyanta yakan fitar da rassa daga tsakiyar jikinsa, su ɗan fita gefe sannan su lanƙwaso sama, kamar mutum ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Abin da ya fi muhimmanci kuma, a cikinsa akwai itace na gaske, wanda ake rufin ɗaki da shi. Za mu zo kan wannan.

Shin ba ƙerana ba ce irin wadda ake shinge da ita a ƙasarmu?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Duk wanda ya bi ƙauyukan tsaunin Jos ya ga shingen ƙerana kewaye da gonaki da gidaje, kore, mai kusurwoyi da ƙaya, babu ganyen kirki. Ga kuma tinya da aguwa. A ido, ƙerana da kardon kamar 'yan uwa ne. A haƙiƙa ko kusa ba su haɗa dangi ba.

Ƙerana da tinya da aguwa duk daga jinsin Euphorbia suke. Danginsu shi ne dangin rogo da zurma da bini-da-zugu. Kaktus kuwa yana cikin babban rukunin tsirran da alayyafo yake ciki. Wato ƙerana ta fi kusa da rogon da ke gonarka, kardon kuma ya fi kusa da alayyafon miya, fiye da yadda su biyun suke kusa da juna. Kamannin da ke tsakaninsu rayuwa a busasshen wuri ce ta haifar da shi: matsala ɗaya, sai aka samo mafita iri ɗaya a nahiyoyi biyu.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na rabewa. Idan ka yanki ƙerana, farin ruwa mai kama da nono zai fito, mai guba, mai ƙona fata, wanda idan ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. Kardon ba shi da wannan farin ruwa. Ruwan jikinsa garau yake, da ɗan yauƙi. Na biyu, duba gindin ƙayar. A jikin kaktus ƙaya tana fitowa ne a dunƙule daga wani ɗan matashi mai gashi-gashi, kamar ɗigon auduga. Wannan matashin shi ne tambarin dangin kaktus duka, kuma babu wani dangin tsiro da yake da shi.

Dangin kaktus gaba ɗaya na nahiyar Amurka ne. Nau'i ɗaya tak, Rhipsalis baccifera, ake samu a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka tun kafin zirga-zirgar Turawa, kuma shi ma siriri ne mai reto daga rassan bishiyoyi, ba ya kama da kardon ko kaɗan. Sauran kaktus da kake gani a tukwanen fure a Kano ko Yamai, ko wanda ake cin 'ya'yansa a Maroko da Habasha, duk baƙi ne da aka kawo.

Daga ina sunan ya fito?

Kalmar ta Sifaniyanci ce, daga "cardo", sunan wata ciyawa mai ƙaya a Turai. Da Sifaniyawa suka iso Amurka, duk wani ƙaton tsiro mai ƙaya da suka gani sai su ce masa kardon. Shi ya sa sunan yake rikitarwa. A Meziko akwai wani kardon daban, Pachycereus pringlei, wanda shi ne kaktus mafi tsawo a duniya, an auna ɗaya da ya haura mita 19. A tsibiran Kanari kuma, da ke cikin teku yamma da Maroko, abin da suke kira kardon ba ma kaktus ba ne, Euphorbia ne, ɗan uwan ƙerana. A Ajantina da Bolibiya mutanen ƙasa suna da wani suna, pasakana, wanda ake kiran 'ya'yan tsiron da shi, wani lokaci har da tsiron kansa.

Sunan kimiyya ma bai zauna wuri ɗaya ba. Wani masanin halittu haifaffen Jamus da ya zauna a Chile, Rodolfo Amando Philippi, wanda ya ratsa hamadar Atakama a 1853 zuwa 1854, shi ya fara bayyana shi a 1860 da sunan Cereus atacamensis. Daga baya aka mayar da shi jinsin Trichocereus, a 1974 aka haɗa shi cikin Echinopsis, a 2012 kuma, bayan binciken ƙwayoyin gado, aka ba da shawarar a kira shi Leucostele atacamensis. Don haka idan ka ci karo da waɗannan sunaye huɗu, tsiro ɗaya ake nufi. Masu lambu da yawa har yau Trichocereus suke cewa, ba ruwansu da rigimar malamai.

Nau'i nawa ne?

Masana sun raba shi gida biyu. Na ɓangaren Chile, wanda ke riƙe da sunan atacamensis, yawanci ginshiƙi ɗaya ne ba reshe, kuma ba ya cika wuce mita 6. Na ɓangaren Ajantina da Bolibiya, wanda ake kira pasacana, shi ne mai rassa, shi ne kuma ke kai mita 10. Akwai wani ɗan uwansu na kusa, Echinopsis terscheckii, wanda ya fi son ƙasa-ƙasa, inda sanyi bai kai na sama ba, kuma ya fi yawan rassa.

A wane irin wuri yake fitowa?

A nan ne labarin yake. Mutane suna jin kaktus sai su tuna rairayi da zafi. Kardon ba tsiron rairayi ba ne, kuma zafi ba shi ne babban abokin gabarsa ba. Yana rayuwa ne tsakanin kusan mita 2,000 zuwa kusan mita 4,000 sama da teku. Domin a gane wannan tsayin: garin Jos yana kan kusan mita 1,200. Tsauni mafi tsayi a Nijar, Idukal-n-Tages a duwatsun Bagzan, mita 2,022 ne. Mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wato inda ƙasashenmu suka ƙare a sama, nan kardon yake farawa.

A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri. Da rana hasken rana yana dukan fata da ƙarfi, har da sinadarin hasken da ke ƙona fata ba tare da an ji zafi ba. Da rana ta faɗi kuwa, ɗumin da ƙasa ta tara sai ya tsere sama nan take, domin babu gajimare ko laima da za su riƙe shi. A watannin sanyinsu, Yuni zuwa Agusta, ruwa yana daskarewa da dare a kai a kai. Masu nazarin Andes sukan ce a can kowace rana bazara ce, kowane dare kuma hunturu ne. Wanda ya san jaurar Disamba a Agadas, ya ƙara mata ninki, ya kusa fahimta.

Ruwan sama kaɗan ne, a wurare da yawa bai kai milimita 200 a shekara ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Disamba da Maris, lokacin da iska mai laima ke hawowa daga gabas, ta ɓangaren Amazon. Sauran watannin shekara rani ne ƙurmus. Wannan ma yana yi wa tsiron amfani ta wata fuska: lokacin da sanyi ya fi tsanani, ƙasa a bushe take. Sanyi tare da jiƙa shi ne ke kashe kaktus. Busasshen sanyi yana iya jurewa.

Idan ka lura da hotunan wurin, za ka ga kardon ya fi yawa a gangaren duwatsu da tsakuwa, ba a tsakiyar kwari ba. Dalili biyu ne. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangaro ta taru a kwari, sai gangaren ya fi kwarin ɗumi. Sannan dutse yana shan rana da yini ya saki ɗuminsa a hankali da dare. Gangaren da ke fuskantar arewa ne ya fi samun rana, domin ƙasashen suna kudu da tsakiyar duniya, rana ta arewa take bi.

A ina ake ganin sa da yawa?

Wuri mafi suna shi ne gandun Los Cardones a lardin Salta na Ajantina, wanda gwamnati ta kafa a 1996, mai faɗin hekta dubu 64 da 'yan kai. Hanyar da ke zuwa garin Cachi daga birnin Salta tana hawa wani gangare mai yawan kwana da ake kira Cuesta del Obispo, sannan ta faɗa wani miƙaƙƙen titi mai suna Recta del Tin Tin, kusan kilomita 19 babu lanƙwasa, wanda ya bi sawun tsohuwar hanyar zamanin daular Inka, wadda ta mulki yankin Andes kafin zuwan Sifaniyawa. Dama da hagu kardon ne iya ganinka.

A lardin Jujuy akwai kwarin Humahuaca, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. A can, a kufan tsohon garin Pucará de Tilcara, kardon ya tsiro tsakanin katangun duwatsun mutanen da.

Sai tsibirin Incahuasi a tsakiyar tafkin gishirin Uyuni, a tsayin mita 3,650 da ɗoriya. Sunan a harshen Kecuwa, na mutanen Andes, yana nufin gidan Inka. Tafkin ya haura murabba'in kilomita dubu 10 na farin gishiri, babu abin da ke tsiro a kansa, amma wannan ɗan tsibirin, wanda kan wani tsohon dutsen aman wuta ne da ya saura tun lokacin da wurin yake cike da ruwa, cike yake da kardon. A Chile kuma ana ganin sa a kwazazzaban da ke sama da garin San Pedro de Atacama.

Yaya yake rayuwa watanni ba ruwa?

Jikinsa gaba ɗaya randa ce. Tsakanin fatar waje da itacen ciki akwai tsoka mai laushi da ke shan ruwa kamar soso, ga kuma yauƙi da ke riƙe ruwan. Kuka ma tana tara ruwa a gangar jikinta, amma ita tana da ganye a damina ta zubar a rani. Kardon ya yi watsi da ganye kwata-kwata, koren fatarsa ce take aikin ganye.

Jikin ba sumul yake ba. Yana da ƙirji-ƙirji daga sama har ƙasa, layuka 20 zuwa 30 ko fiye, tsakaninsu da kwarmi. Idan aka yi ruwa ya sha, kwarmin sai ya buɗe, jikin ya yi ƙiba ba tare da fata ta tsage ba. Idan rani ya yi nisa sai ya tsuke. Kamar zugazugin maƙeri yake. Layukan kuma suna yi wa juna inuwa, ta yadda ba dukan fatar rana take duka a lokaci ɗaya ba.

Saiwoyinsa ba sa nutsawa can ƙasa neman rijiya irin na gawo. Suna bazuwa ne kusa da saman ƙasa, nesa da gindin, domin ko yayyafi aka yi su tsotse kafin rana ta ƙafar da shi.

Dabara mafi ban sha'awa ita ce ta numfashi. Kowane tsiro yana buƙatar iskar kabon domin haɗa abincinsa da hasken rana, kuma yana shaƙar ta ne ta wasu ƙananan ƙofofi a fatarsa. Matsalar ita ce duk lokacin da ƙofar ta buɗe, ruwa yana fita. Gero da masara da mangwaro da rana suke buɗe nasu, suna asarar ruwa mai yawa. Kardon yana rufe nasa ruf da rana. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ya buɗe, ya shaƙi kabon, ya adana shi a matsayin wani sinadari mai tsami a cikin ƙwayoyin jikinsa. Da gari ya waye sai ya rufe ƙofofi, ya warware tsamin, ya yi amfani da kabon ɗin a cikin gida. Shi ya sa idan aka ɗanɗani tsokar irin waɗannan tsirrai da asuba ta fi tsami fiye da yamma. Abarba ma haka take yi.

Amma dabarar tana da tsada. Abin da zai iya adanawa a dare ɗaya kaɗan ne, don haka abincin da yake haɗawa kaɗan ne, girmansa kuma a hankali yake tafiya.

Mene ne amfanin ƙayar, ban da kariya daga dabbobi?

Ƙayar kaktus ganye ne da ya rikiɗe. A jikin kardon kowane matashi yana iya fitar da ƙaya masu yawa, a tsofaffin tsirrai har 50 zuwa 100, kuma mafi tsawo tana iya kai santimita 30.

Abin lura shi ne ƙayar ba iri ɗaya ba ce daga ƙasa zuwa sama. A ƙananan tsirrai, da kuma ƙasan manya, ƙayar kauri gare ta, tsini kamar basilla, launin ruwan zuma. Wannan ita ce daidai bakin dabba, musamman gwanako, wani ɗan uwan raƙumi mara tozo da ke yawo a tsaunukan. Can sama kuwa, inda babu bakin da zai kai, ƙayar takan koma siririya, fara, mai yawa, kamar furfurar dattijo. Ita wannan aikinta daban: tana tare zafin hasken rana daga kan tsiron, inda sabuwar tsoka mai taushi take fitowa, da dare kuma ta zama bargo, ta riƙe ɗan ɗumi kada sanyi ya ƙone wurin. Idan kan ya mutu, tsawo ya tsaya. A ganina wannan farin gashin, fiye da tara ruwa, shi ne abin da ya bambanta kaktus na tsauni da na hamadar ƙasa.

Gaskiya ne yana kai shekara dubu?

A tsibirin Incahuasi masu yi wa baƙi jagora sukan ce santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara, don haka mai mita 10 shekararsa dubu. Lissafin yana da daɗin faɗa, amma a riƙe shi da hannu biyu. Tsiron ba ya girma da sauri ɗaya tsawon rayuwarsa. Yana ƙarami, tafiyar hawainiya yake yi, yana iya shafe shekaru bai wuce tsawon yatsa ba. Da ya yi jiki, ya sami faɗin fata da zai kama rana da randar da zai tara ruwa, sai ya ƙara sauri, kuma awon da aka yi a Ajantina ya nuna manya suna ƙara santimita da dama a shekara. Ga shi kuma ba a ƙirga shekarunsa da zoben itace yadda ake yi wa bishiyoyin ƙasashen sanyi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne manyan sun shekara ɗaruruwa. Kardon mai rassa da kake gani yau ya girmi kakan kakanka.

Yaya furensa da 'ya'yansa suke?

Ba ya fure sai ya shekara da yawa. Masu kula da gandun Los Cardones suna cewa wajen shekara 50. Furen fari ne, wani lokaci da ɗan ja-ja, siffar mazurari, tsawonsa santimita 10 zuwa 14, bayansa lulluɓe da gashi. Yana fitowa daga gefen jikin, kusa da sama, a ƙarshen shekara, kafin ruwa ya kankama. Fure ɗaya ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya yanƙwane.

Yana buɗewa tun dare ya kai har rana, don haka baƙinsa iri biyu ne. Da dare manyan malam-buɗe-littafi na dare suna zuwa. Da rana ƙudan zuma da rina, da kuma wani tsuntsu mai shan ruwan fure yana shawagi a iska, Patagona gigas, wanda shi ne mafi girma a danginsa. Tsiron yana buƙatar waɗannan baƙin ƙwarai, domin garin furensa ba ya yi wa kansa barbara, dole sai an kawo daga wani kardon. Wanda ya tsaya shi kaɗai nesa da 'yan uwansa zai yi ta fure a banza.

'Ya'yan, wato pasakana, dunƙulallu ne, kore mai duhu, masu gashi, kusan santimita 5. Idan sun nuna sukan tsage, a ga farar tsoka mai zaƙi cike da baƙaƙen iri ƙanana, sun fi ridi ƙanƙanta. Mutane suna ci, suna tsinkowa da doguwar sanda. Tsuntsaye da tururuwa da yanyawa ma suna ci, su ne kuma ke watsa irin.

Idan kowane ɗa yana da dubban iri, me ya sa ƙananan kardon ba su da yawa?

Domin yarinta ita ce lokacin da ya fi rauni. Ƙaton da ke jure fari da ƙanƙara ya fara ne a matsayin ɗan ƙwallo kore da bai kai ƙwayar wake ba. A wannan girman ba shi da randar tara ruwa, ba shi da bargon ƙaya. Rana ɗaya mai zafi a fili tana iya dafa shi, dare ɗaya mai sanyi yana iya daskarar da shi, kofaton akuya ɗaya ya isa.

Waɗanda ke tsira su ne waɗanda irinsu ya faɗi a tsagar dutse ko a ƙarƙashin wani ƙaramin kurmi. A Los Cardones an lura ƙananan kardon sun fi yawa a gindin wani tsiro mai ƙaro da ake kira hariya, Larrea divaricata. Inuwarsa tana rage zafin rana, rassansa suna tare sanyin dare, ganyen da yake zubarwa yana ƙara wa ƙasa taki. Masana suna kiran irin wannan tsiro mai reno. Bayan shekaru, ɗan renon sai ya ratsa ta cikin rassan mai renonsa ya wuce shi nesa.

Ko da mai reno, sai an dace da shekaru masu ruwa a jere kafin sabon zubi ya kama. Shi ya sa za ka iya ganin gangare cike da manya, ka ɗauka lafiya lau, alhali an daɗe rabon da wani sabo ya tsira a wurin. Wanda ke son sanin lafiyar dajin kardon, gindin kurmi zai duƙa ya duba, ba sama ba. Wannan kuma yana nuna cewa mai saran hariya domin itacen girki yana kashe kardon da bai taɓa ba.

Da gaske ana katako da shi?

Ƙwarai. Idan kardon ya mutu, tsokar ta ruɓe ta bushe, abin da ke saura shi ne wani bututun itace mara nauyi, launin ƙasa-ƙasa, jikinsa duk ramuka dogaye a jere kamar an yi masa ado da gangan. Ramukan nan hanyoyi ne da ruwa da abinci ke bi tsakanin tsakiyar tsiron da tsokar waje lokacin yana raye.

A tsaunukan da babu wata bishiyar kirki, wannan shi ne katakon da ake da shi, kamar yadda azarar giginya take a ginin ƙasar Hausa. Ana tsaga bututun a buɗe shi ya zama allo. Da shi aka yi rufin cocin San José na garin Cachi da wasu kayan cikinsa, da rufin cocin Purmamarca a Jujuy. A Chile, cocin San Pedro de Atacama da na ƙauyen Chiu Chiu suna da itacen kardon a rufinsu, an ɗaure da igiyar fata maimakon ƙusa. Ana kuma yin ƙofofi da akwatuna da kujeru da shi. Yau an fi ganin sa a kasuwannin 'yan yawon buɗe ido, an yi fitilu da ƙananan kwanduna, hasken yana fita ta ramukan.

Busasshiyar iskar wurin ce ta sa waɗannan rufin suka shekara ɗaruruwa. A wuri mai laima da gara, itacen ba zai kai ko'ina ba.

Yana cikin haɗarin ƙarewa?

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a rukunin waɗanda suka kusa shiga barazana. Bai kai ga halaka ba, amma an sare shi da yawa a baya domin gini da makamashi, kuma tsiron da ke buƙatar rabin ƙarni kafin ya yi fure ba ya mayar da gurbi da wuri. Yanzu an hana saran mai rai a wuraren da ake karewa. Dangin kaktus kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya gano kusan kashi 31 cikin 100 na nau'o'in kaktus na duniya suna fuskantar barazana.

Akwai kuma dabbobin da Turawa suka kawo. Jakuna da awaki da shanu suna tattake ƙanana, suna cinye kurmin da ke renon su. A gandun Ischigualasto na Ajantina an nuna yadda jakuna da shanun da suka koma daji suke gaigayar fatar ɗan uwansa terscheckii, abin da ke rage masa fure da 'ya'ya. A kwarin Humahuaca kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi, Cactoblastis bucyrus, tana huda jikin kardon ta ci daga ciki, ruɓa ta biyo baya. 'Yar uwar wannan tsutsa ce, Cactoblastis cactorum, aka ɗauka daga Ajantina zuwa Ostiraliya a shekarun 1920 domin ta cinye wani kaktus da ya mamaye gonakinsu, ta kuwa cinye shi.

Akwai tatsuniyoyi a kansa?

Da yawa, kuma duk daga siffarsa ta mutum suka fito. Ɗaya tana cewa kardon mayaƙa ne da aka jera a kan duwatsu suna jiran umarnin sarkin Inka su far wa Sifaniyawa. Umarnin bai zo ba, domin an kama sarkin, sai Pachamama, uwar ƙasa a al'adar mutanen Andes, ta ji tausayinsu ta mayar da su tsirrai, ta ba su ƙaya kada a dame su. Wata kuma ta zamanin yaƙin neman 'yancin Ajantina ce, lokacin da Martín Miguel de Güemes yake jagorantar mahaya dawakin Salta: wai sukan sa wa kardon mayafi da hula, sojojin Sifaniya su hango daga nesa su ɗauka runduna ce. Labarin baka ne, amma duk wanda ya ga inuwarsu a kan tudu da magariba zai gane inda aka samo shi.

Zan iya shuka shi a Kano, ko Zinder, ko Jos?

A tukunya, yana ƙarami, mai yiwuwa ne, amma kada ka sa ran ganin bishiya. Rani ba zai dame shi ba, hunturu ma daɗi zai ji. Matsalarsa biyu ce. Ta farko zafin dare a watannin Afrilu da Mayu: tsiron da dare yake numfashi, kuma dabarar tana aiki sosai ne idan dare ya yi sanyi. Ta biyu ruwan Agusta, wanda a mako biyu zai iya zuba abin da kardon ke samu a shekara, ga laima a iska. Saiwar takan ruɓe. Jos, da sanyin darenta, ta fi dacewa ta fuskar zafi, amma ruwanta ya fi yawa, don haka sai an sa shi a ƙarƙashin rumfar da rana ke shiga ruwa ba ya shiga.

Ƙasar tukunyar ta zama yawancinta tsakuwa da yashi mai kaushi, taki ɗan kaɗan, da manyan huda a gindi. A ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. A shuka daga iri, a kuma yi masa inuwa a shekarun farko, irin wadda hariya take yi masa a gida. Kada a sayi babba da ba a san asalinsa ba, domin kardon mai tsawon mita ɗaya ya riga ya shekara da yawa, kuma akwai yiwuwar daga daji aka tumɓuko shi.